Dutsen da Annasara Ya Lasa

A wancan zamani babu Arlit, babu Akokan. Fili ne fetal yamma da duwatsun Abzin, daga tsakuwa sai iska. Tutar Faransa tana nan a Agadas, kumandan yana nan a barikinsa, ko da yake mulkin nasu ya kusa ƙarewa. A shekarun nan ne waɗansu Annasara suka kafa tantuna a filin. Kullum su fita da wani akwati mai kuka kamar gyare, su bi ƙasa, su tona, su cika jakunkuna da duwatsu. Ba wanda ya san abin da za su yi da su.

Amumun ne ke kawo musu ruwa. Ba'abzine ne, dogo, busasshe, gemunsa ya fara fari a ƙarƙashin amawali. Yana da raƙuma, yana da garken tumaki da ya gada a wurin ubansa ya ninka. Ba ya yawan magana, in kuwa ya yi ba a mayar masa. Ko a bakin rijiya, in ya ce gugan wane ne zai fara sauka, shi ke farawa.

'Yarsa ɗaya ce, Mina. Tana aure a wani kwari cikin duwatsu, gidan Rhissa mai garka. Ta daɗe a ɗaki ba haihuwa, sai a wannan shekara Allah ya ba ta ciki. Labari ya iske Amumun. Sai ya shiga garke ya ware ragon da ya fi kowane, ya ɗaura masa jar igiya a wuya. Kowa ya san na suna ne.

Makiyayan ƙasar suna da ƙa'ida. Da damina ta zauna, kowa ya kora dabbobinsa zuwa Tigidda da Ingal, su sha ruwan gishiri, su lashi jar ƙasa, su ci ciyawar wurin. Dabba ta wanke cikinta, ta dawo da ƙiba da sheƙi. Wanda bai je ba zai gani a jikin garkensa. A waccan damina Amumun bai je ba. Annasara sun ce kada ruwa ya yanke musu, shi kuwa ya riga ya ba su kalmarsa. Ya ce shekara ɗaya ba ta kashe tunkiya.

Ba ta kashe ba, amma ta nuna. Da kaka ta wuce, tumakin suka fara tauna igiya. Suna lasar toka a murhu, suna lasar turakun tanti. Gashinsu ya kwanta, ya koɗe. Wata rana ya iske wata tunkiya da ƙashin mushe a baki tana gurgura kamar kare. Ya tsaya yana kallonta. Ya san ma'anar abin. Jikinsu ne ke roƙon abin da ya hana su.

Ya tafi wurin 'Yargata. Mutuniyar Adar ce, ta biyo sansanin Annasaran tana dafa wa leburori tuwo, tana kasa gishiri da kanwa a tabarma. Bakinta ba ya hutawa, kuma ba ta tsoron kowa.

"Madugu, da rana tsaka? Mi ya faru, raƙumanka sun yi maka tawaye?"

"Gishiri."

"Ko sallama babu! To wane iri? Gishiri ai ba guda ba ne. Wagga beza ce ta Bilma, ta miya ce, ta mutane. Ga jar kanwa, ta kumburin ciki ce, amma ka yawaita ta ka kwana bayan gari. Ga ungurnu, ita ma kanwa ce. Ga kantu na dabba, ka fi ni saninshi."

"Jar ƙasar Tigidda."

"Ita kam sai ka tafi inda Allah ya aje ta. Kai ka ƙi zuwa, ka tsaya shayar da Annasara."

Ya ɗaga kantun ya duba. Guntu ne, bai kai tsawon hannu ba. Ya kai harshe ya lasa, kamar yadda kowane mai sayen gishiri ke yi, ya ji na kirki ne.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan sai ayarin Bilma ya sauka. Ka riƙa ba su kaɗan-kaɗan. Kowane abu da mudunshi, madugu. Abin da jiki ke so ɗan mitsitsi, in ka danna mishi da yawa sai ya zama abokin gaba."

"Ban zo karatu ba," in ji Amumun. Ya ɗauki guntun ya tafi. Ya san ba zai ishi garken ba.

Washegari ya kai salkunan ruwa inda ake tono. Babban Annasaran, wanda leburori ke kira Mai Akwati, yana cikin rami. Akwatinsa na ta kuka ba tsayawa. Amumun yana sauke salka yana kallo ta gefen ido. Mai Akwati ya fasa wani dutse da guduma. Cikin dutsen kore ne shar, da ratsin rawaya. Ya juya shi a hannu. Sannan ya kai shi baki ya lasa.

Amumun ya daina abin da yake yi.

Annasaran ya sake duba dutsen, ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya sa shi a jaka ya ɗaure. Ya fasa wani, ya lasa, ya yar. Ya fasa na gaba, ya lasa, ya aje.

Amumun ya yi shekaru yana bin ayari. Ya ga masu sayen gishiri a Bilma, ya gan su a Tigidda, ya gan su a kasuwar Agadas. Duk haka suke yi: a fasa, a lasa, a zaɓa. Mutum ba ya lasar abin da ba ci za a yi ba. Sai komai ya warware masa. Ashe gishiri suke nema! Kuma mutanen da suka bar ƙasarsu, suka ƙetare teku, suka zo da kamiyo, babbar motar kaya, da akwati mai kuka, ba gishirin banza ya kawo su ba. Na sarakunansu ne. Ga shi a ƙarƙashin ƙafar tumakinsa, su kuwa suna cin igiya.

Ya nemi Nuhu, direban kamiyon sansanin, mutumin Damagaram wanda ke jin Faransanci.

"Dutsen nan. Ina suke kai shi?"

"Faransa, Baba. A jirgi ma."

"Yana da amfani?"

Nuhu ya yi dariya. "Amfani? Mai Akwati ya ce nan gaba ƙasar nan kaf za ta ci albarkacinsa. Ni dai nawa tuƙi ne. Ko kai ma za ka buɗe rami?"

Amumun ya juya ya tafi. Ya ji abin da yake so ya ji. Da aka tashi aiki ya zagaya bakin ramin, ya tsince gutsattsarin koren dutsen da aka zubar, ya cika burgami.

Akwai wata ƙa'ida kuma, tsohuwa, wadda ubansa ya koya masa. Baƙon gishiri ba a ba garke sai an fara aje shi gaban babbar taguwa ta cikin raƙuma. In ta lasa, kowa ya lasa. In ta kau da kai, a zubar, ko da an sha wuya kafin a samo shi. Dabba ta fi mai ita sanin abin da cikinta zai ɗauka. Taguwar Amumun sunanta Tamallalt, fara ce, ta tsufa, ta je Tigidda fiye da yawancin mazan da ke bakin rijiya. Ya aje mata dutsen. Ta sunkuyo ta shinshina. Ta hura hanci, ta ɗaga wuya, ta juya masa baya.

Ya sake matsar mata da shi. Ta tashi ta bar wurin.

Shi da kansa ya lasa. Ba zaƙin gishiri, sai wani ɗaci-ɗaci mai kama harshe kamar an tsotsi tsohuwar tasa. Ya ce a ransa magani mai ƙarfi ai ba ya daɗi. Taguwar kuma ta tsufa, ba ta san sabon abu ba. Mutanen da suka ƙera jirgi ba su fi taguwa hankali ba ne?

Ya sa dutsen a turmi ya daka har ya zama gari. Ya daka guntun kantun 'Yargata ya haɗa, ya zuba dusa, ya yayyafa ruwa, ya cakuɗa yadda ba dabbar da za ta iya ware wannan daga wancan. Raƙuma suka shinshina suka ƙi. Tumaki kuwa, da yunwar gishiri ta ci su, suka yi ca a kan komin da ya zuba musu suka lashe shi tas. Ragon suna ya fi kowa samu, don Amumun ya ware masa nasa a ƙwarya.

Abin da ya ƙara ɗaure shi, sai tumakin suka gyaru. Suka daina cin igiya. Suka koma kiwo da kuzari. Kantun ne ya yi aikinsa, amma Amumun ya ba koren dutse ladan. Ya ci gaba da ba su. Bai gaya wa kowa ba. Ya ga asiri ne da Annasara suka ɓoye wa mutane, shi kaɗai ya gano.

Ana haka Rhissa ya sauko daga duwatsu da jakuna, ya kawo albasa da busasshen tumatir ya sayar wa sansanin. Tsakanin Ba'abzine da surukinsa akwai kunya mai nauyi. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya ambatar sunansa, ba ya kallon idonsa, kuma ba ya ce masa a'a. Rhissa ya ja amawali har ya kusa rufe ido, ya durƙusa daga nesa ya gaida Amumun. Labarin Mina bai iya faɗa da bakinsa ba. Wurin 'Yargata ya kai, ita ta kawo.

"Madugu, ɗiyarka ba ta jin daɗi. Mijin ya ce ta yi fari fat, tafin hannunta ba jini. In ta ɗauko tulu sai haki. Kuma tana ɓantarar ƙasar bango tana ci."

Amumun ya tuna da garkensa. Tunkiya da ƙashi a baki ta dawo masa.

"Jini ne ya yi mata kaɗan," in ji 'Yargata. "Ba sabon abu ba ne ga mai ciki. A yanka akuya a ba ta hanta. A roƙi maƙeri ruwan da yake kashe ƙarfe a ciki, a tace, ta riƙa kurɓa. Ga ganye a garkar mijinta. In da hali a kai ta Agadas, lokotoron asibiti na da wata ƙwaya ta jini."

"Ruwan maƙera," in ji Amumun. "'Yata?"

"To mi? Ɗiyar sarki ma shi taka sha."

"Ina da abin da ya fi shi."

"Mi ne ne?"

Bai gaya mata ba. Ya koma bukkarsa ya daka dutsen da ya fi kowane kore, ya tankaɗe shi a ƙyalle har ya yi laushi kamar kwalli, bai haɗa shi da komai ba. Ya ƙulle a fata. Ya kira Rhissa, ya aje ƙunshin a ƙasa tsakaninsu, yana kallon wani wuri.

"A ba ta. Kowace safiya, a kunu, abin da yatsu suka ɗauka. Kada ta tsallake. A ce mata ni na ce."

Rhissa ya sa hannu biyu ya ɗauka. Ya kora jakunansa ya koma duwatsu.

Wata ya mutu, wani ya kama. Ran nan aka yi doguwar tafiya da garken zuwa wata rijiya mai nisa, don ta kusa ta ja baya. Da hantsi Amumun ya ga ragon suna ya tsaya. Kansa a ƙasa, yana numfashi da ƙyar. Ya tsuguna ya buɗe masa ido. Farin idon ya zama rawaya kamar an shafa gangamau. Ragon ya yi fitsari, fitsarin ja wur, har da baƙi-baƙi.

Kafin ya miƙe, wata tunkiya ta faɗi a bayansa. Sai wata. Ba kuka, ba shure-shure mai yawa. Su durƙusa, su kwanta, su miƙe ƙafa. Ya zare wuƙa yana bin su yana yankawa don kada su yi mushe, yana bisimilla. Yana kan wannan, waccan ta tafi. Ya yi shekaru yana kiwo, ya ga fari, ya ga annoba, bai taɓa ganin garke ya zube a yini ɗaya kamar an sare shi ba. Raƙuman kuwa suna tsaye lafiya lau. Tamallalt tana tuƙa tana kallonsa.

Ya farke cikin ragon. Kitsen rawaya. Hantar ta kumbura, ta yi launin ƙasa, tana marmashewa a hannu. Ya ciro ƙodar. Baƙa ƙirin, tana ƙyalli kamar bakin bindiga.

Ya tsaya da ƙodar a hannu. Wa ya ci, wa bai ci ba? Raƙuma ba su ci ba. Tumaki sun ci. Rago ya fi kowa ci, shi ya fara faɗuwa.

Kowace safiya, a kunu. Kada ta tsallake.

Ƙodar ta suɓuce daga hannunsa. Ya ce, "Inna lillahi," ya tashi ya nufi wurin Mina.

Sansanin yana kan hanyarsa. Ya iso a kan Tamallalt a guje, jini har gwiwar hannu, amawalinsa ya zame bakinsa a buɗe, abin da ba wanda ya taɓa gani. Leburori suka watse. 'Yargata ta saki muciya. Ya diro gaban tantin Mai Akwati, ya zazzage sauran garin da gutsattsarin dutsen a kan teburinsa. Akwatin da ke gefe ya ɗauki kuka.

"Nuhu! Tambaye shi. Gishirin nan nasa, mene ne maganinsa in ya yi yawa?"

"Wane gishiri, Baba?"

"Wannan! Wanda yake lasa!"

Nuhu ya juya maganar. Annasaran ya kalli garin, ya kalli hannun Amumun, ya yi tambaya. Nuhu ya ce, "Wai me ka yi da shi?"

"Na ba tumaki. Sun mutu."

Da Nuhu ya faɗa, Annasaran ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi. Ya yi magana da sauri, yana nuna bakinsa, yana tofar da yawu a ƙasa.

Nuhu ma muryarsa ta sauya. "Baba, ya ce ba gishiri ba ne. Ba a ci. Jan ƙarfe ne a ciki, shi ne koren, da wani ƙarfen da suke nema, shi ne rawayan. Ya ce shi ba ɗanɗanawa yake ba. Jiƙa dutsen yake da yawu don ƙura ta kwanta ya ga launinsa. Yana tofarwa."

"Na gan shi. Ya lasa ya gyaɗa kai."

"Launin ne ya yi masa, Baba. Ba daɗin ba."

Amumun ya tsaya kamar an dasa shi. Bai ga tofarwar ba. Ko ya gani bai ɗauke ta komai ba, don mai sayen gishiri ma yakan tofar.

'Yargata ce ta matso. Ta daɗe tana kallonsa. Ba wasa a muryarta yanzu.

"Madugu. Abin da ka ce ya fi ruwan maƙera. Ƙunshin da ka ba mijin ɗiyarka."

Amumun ya kau da kai.

Ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo Allah! Mai ciki! Ka ba mai ciki!"

Nuhu bai jira an ce ya juya ba, ya faɗa wa Annasaran. Fuskar mutumin ta yi fari kamar alli. Ya ce a tada kamiyo. Amma kamiyo ba ya hawa kwarin Rhissa, hanyar ta jaki ce da raƙumi. Aka ce Nuhu ya kai mota gindin dutse ya jira, Amumun ya hau ya sauko da ita.

Ya ɗauki Tamallalt, don ita ta san hanyar kuma tafiyarta ba ta girgiza mai ciwo. Tafiyar da ake yada zango a cikinta, shi bai sauka ba sai don salla. Duk hanya abu ɗaya yake riƙe da shi. Abin yana da ɗaci. Taguwa ta ƙi shi. Mina ba yarinya ba ce, tana da harshe. Za ta kurɓa sau ɗaya ta zubar. In ma ba ta zubar ba, Rhissa yana da ido, zai ga bai karɓe ta ba ya hana. Ba mai hankalin da zai ci gaba da shan abin da ke cutar da shi. Haka ya yi ta gaya wa kansa har ya hango dabinon kwarin.

Garkar shiru. San da ke jan ruwa yana kwance, fangalin albasa ya bushe. Rhissa ya fito daga bukka, ya gan shi, ya ja amawali ya durƙusa.

"Bar wannan! Ta sha?"

Rhissa ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake! Ta sha?"

"Tana sha."

Amumun ya kutsa cikin bukkar, inda a al'ada bai kamata ya sa ƙafa ba. Mina tana kwance a gado. Da ƙyar ya gane ta. Ta rame, cikin ne kawai a gaba. Idonta rawaya, irin na ragon. A gefen gado ga ƙwaryar kunu, an sha rabi, bakin ƙwaryar da kore-kore. Ga ƙunshin fatarsa a rataye a jikin dirka, ya kusa ƙarewa.

"Abba," ta ce, tana ƙoƙarin tashi ta rufe kanta. "Ka zo da kanka?"

"Ba ki ji ɗacinsa ba?"

"Na ji."

"Ba ya sa ki amai?"

"Kullum. In na amayar sai in huta in sake damawa, don kada ranar ta wuce ban sha ba."

Ya zauna a ƙasa.

"Me ya sa ba ki bari ba?"

Ta kalle shi da mamaki, kamar ya tambaye ta me ya sa take salla.

"Ai kai ka aiko, Abba. Ka ce kada in tsallake."

Ya juya ga Rhissa, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya ba shi gefe.

"Kai kuma? Kana gani tana narkewa. Ba ka da baki? Ba ka da ƙafar da za ka zo ka ce mini abin nan yana kashe ta?"

Rhissa ya amsa, ƙasa yake kallo.

"Na ɓoye ƙunshin sau ɗaya. Ta yi kuka, ta ce in mayar. Na ɗaura wa jaki sirdi zan sauko, na kai bakin kwari na dawo. Da wane baki zan ce wa uban matata maganinsa ba shi da kyau?"

Duk rayuwar Amumun abin da yake so ke nan, ya yi magana kada a mayar masa. Ga shi an yi masa.

Ya tsinke ƙunshin daga dirka ya cusa a aljihu. Suka shimfiɗa bargo a kan Tamallalt, suka ɗora Mina, Rhissa na riƙe da ita, Amumun na jan akala a ƙasa. Dattijon da bai taɓa tafiya a ƙafa wani na bisa raƙuminsa ba, haka ya sauko dutsen, tsakuwa na yanka masa takalmi. Nuhu yana gindin dutse da kamiyo, 'Yargata a baya ta shimfiɗa katifar Annasaran.

A Agadas lokotoro ya karɓe ta. Ya duba ƙunshin, ya saurari Nuhu, ya kalli Amumun ya daɗe. Abin da ya faɗa kaɗan ne. Ya ce aman da take yi shi ya cece ta, don yawancin garin bai zauna ba. Ya ce gaskiya ne jikin mutum yana son ƙarfe, har jan ƙarfen ma yana so, amma abin da yake so bai kai kwallin da mace ke sa wa ido ba, kuma a cikin abinci yake samunsa. Wanda ya yi wa Mina kaɗan tun farko baƙin ƙarfe ne na jini. Hanta da ganye da 'yar ƙwayarsa da sun ishe ta. Game da cikin, ya ce ba ya jin motsi.

Bayan kwanaki ta haihu. Namiji ne, cikakke, da gashi a kai. Bai yi kuka ba. Amumun ne ya karɓe shi a ƙyalle. Bai ba kowa ya riƙe ba, har aka kai shi makwancinsa.

Mina ta rayu. Ta daɗe kafin rawayar ta bar idonta, ta fi haka daɗewa kafin ta iya ɗaukar tulu. Ba ta taɓa ce wa uban komai a kan abin ba. Da ta ce, da ya fi masa sauƙi.

Amumun bai koma kai wa Annasara ruwa ba. Ya aika wa Mai Akwati cewa ya nemi wani. Ya sayar da raƙumi ya sayi awaki, ya kora su kwarin Rhissa, ya kafa bukka a bakin garka. Shi ke yanka, shi ke gasa hantar, shi ke zuwa maƙera da ƙwarya a hannu ya tsaya a bakin ƙofa har a ba shi ruwan. Maƙerin ya yi mamaki ranar farko. Daga baya ya saba.

Da ayarin Bilma ya sauka, 'Yargata ta aiko musu da beza mai kyau ta hannun Nuhu, ta ce a sa wa mai jego a miya. Amumun ya kwance ƙunshin. Gishiri ne fari tas, wanda ya sani tun yana yaro. Duk da haka ya ɓantari kaɗan ya kai wa Tamallalt, ya aje a gabanta, ya koma gefe ya tsaya. Sai da ta lashe ta nemi ƙari ya dawo.

Ya zuba kaɗan a tafin hannu ya miƙa wa 'yarsa. Ta kai hannu za ta karɓa. Ya janye.

"Ki ɗanɗana tukuna. In bai yi miki ba, ki ce bai yi ba." Ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji. "Kai ma, Rhissa."

Rhissa ya ja amawalinsa sama. Mina ta lasa, tana kallon ubanta. Shi kuwa ya tsaya da hannu a buɗe yana jiran amsa.